Jar tocila da tarkon tsutsa na akwariyum: abun da na gani bayan na yi amfani da su

Toh, ga masu ajiye murjani da kifin ruwan gishiri a gida, na sayi wata 'yar tocila mai jan haske haɗe da tarkon tsutsa a wani shagon kayan kifi nan Jidda, kuma gaskiya tocilar ta ci kuɗinta, tarkon kuwa sai a hankali.

Aikin tocilar shi ne kallon ƙananan halittun da ke fitowa cikin tanki da dare. Dalilin jan hasken shi ne a teku ja ne launin da ruwa ke fara shanyewa tun a 'yan mitocin sama, shi ya sa yawancin ƙananan halittun nan ba sa wani damuwa da shi. Ka kashe fitilun tanki, ka bari kamar awa biyu, sannan ka haska a hankali. Kai, ashe duwatsun nan masu rai, wato duwatsun teku da ake sa wa a tanki da halittun da ke jikinsu, cike suke da jama'a! Akwai ƙananan fararen ƙwari suna tsalle a jikin gilas, da wasu masu lanƙwasasshen baya suna guje-guje a kan yashi, duk waɗannan abincin kifi ne kyauta kar ka taɓa su. Akwai tsutsar taliya, ita jikinta a ɓoye yake, sai dai ka ga siraran zaruruwa sun bazu a kan yashi suna janyo guntun abinci zuwa rami. Wadda ta fi burge ni ita ce tsutsar gyaɗa, ba ta da gaɓoɓi ko gashi, ta miƙo daga ramin dutse, da ta ji motsi sai ta zuƙe kanta ciki kamar ana juya safa.

Sai uwa uba tsutsa mai ƙaya, wadda ita ce ke tayar wa mutane hankali. Yawancinsu shara suke ci, ragowar abinci da mushe, in ka ga sun yi yawa toh abincin da kake zubawa ne ya wuce kima. Wadda ake tsoro ita ce Hermodice carunculata mai cin murjani, tana da kauri, da tarin farin gashi da jajayen tuntaye a gefe, tana hawa kan reshen murjani ta tsotse shi ta bar shi fari fat. Akwai kuma bobit, mai ƙahonni biyar a ka da jiki mai sheƙi, wannan in ta girma har kifi take kamawa.

Anan matsalar tocilar take. A jan haske komai ja ne ko baƙi, launi ba ya fita, kuma launin ne zai taimaka maka ka bambance mai cutarwa da marar laifi, hoton waya kuma kar ma ka wahalar da kanka dan duhu kawai za ka ɗauka. Tocilar ba ta shiga ruwa, kuma gishiri ya fara cin murfin batir ɗin da wuri.

Tarkon wani ɗan bututun roba ne da ake sa guntun jatan lande a ciki. Ƙananan tsutsotsi suna shiga, manyan kuwa masu wayo ne, su zura kai su ci su koma, rabin jikinsu na cikin dutse. Amfaninsa ɗaya a wurina, in ya kama sai in juye a farin kwano da ruwan tankin in duba da hasken rana, in marar laifi ce ta koma gida.

Dan Allah kar a kama su da hannu, ƙayar tana karyewa a fata ga ƙaiƙayi da raɗaɗi. Safar hannu da hantsaki. In ta same ka, salatif zai cire ƙayar sannan ka jiƙa wurin da khal, wato binega.

Tocilar ku saya. Tarkon kuwa robar ruwa da ka huda wa murfi za ta yi maka aikin nan.