Yadda ake saye da ajiyar itacen ɗumama ɗaki a Jamus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga bayanin da ka nema a kan ko gaskiya ne Turawa suna ƙona itace a gidajensu. Gaskiya ne, kuma ba talakawansu kaɗai ba, domin a Jamus akwai murhun ɗumama ɗaki kusan miliyan 11, kuma a ƙauyukan jihar Bavariya, inda nake zaune, da wuya ka wuce gida uku ba ka ga faskare a jere jikin bango ba. Girki dai da lantarki ko gas ake yin sa. Itacen na sanyi ne, sanyin da yake kamawa daga Oktoba ya kai Afrilu.

Bambanci na farko shi ne awo. A gida mai itace yakan ɗaura dami ko ya kasa kashi, ka duba da ido, ku yi ciniki. A nan da mita ake sayarwa, kuma awon iri biyu ne da ya kamata baƙo ya rarrabe kafin ya biya kuɗi. Akwai wanda mutanen Bavariya suke kira Ster, wato itacen da aka jera tsaf har ya cika mita ɗaya a tsawo da faɗi da bisa. Akwai kuma na zube, wanda ake kwarara faskaren cikin akwati mai wannan girman ba tare da an jera ba, kuma idan ka jera shi da hannunka ba zai wuce kashi 70 cikin ɗari na wancan ba, saura duk iska ce. Kamar mudun da aka girgiza ne da wanda ba a girgiza ba. Mai sayarwa ba ya ɓoye wanda yake nufi, yana rubuce a rasit tare da irin itacen da tsawon yankan, santimita 25 ko 33 ko 50, gwargwadon bakin murhun mai saye. Wannan tsari na fi son sa a kan namu, domin ba ya barin wurin musu.

Abin da ya fi awon muhimmanci, wanda kuma shi ne ainihin abin da mutum yake biya, shi ne bushewa. Mu rana ta ɗauke mana wannan aiki kyauta, har ba ma lissafa shi: a sare reshe a Kano cikin rani, ba da daɗewa ba ya kama wuta. A nan itacen da aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ranar ƙasar ba ta da ƙarfin da za ta tsotse shi da wuri. Itacen da suka fi daraja, Buche, wanda matsayinsa a wurinsu ya yi daidai da na marke a wurinmu saboda nauyi da daɗewar garwashi, yana bukatar kimanin shekara biyu a jere kafin ya ƙonu yadda ya kamata. Mai sauƙin nauyi irin Fichte yakan bushe cikin shekara guda, sai dai yana cin wuta da sauri yana tartsatsi, kuma zafin da Ster ɗaya nasa yake bayarwa bai kai na Buche ba. Ɗanyen itace kuwa rabin zafin busasshe kawai yake bayarwa, ga hayaƙi, ga baƙin da yake liƙewa a bututun hayaƙi har wata rana bututun ya kama da wuta. Shi ya sa doka ta hana ƙona itacen da danshinsa ya kai kashi 25 cikin ɗari, masu sayarwa kuma sukan yi alkawarin ƙasa da 20. Ana sayar da wata ƙaramar na'ura mai tsinke biyu da ake soka wa faskaren ta nuna yawan danshinsa, kuma mai wayo yakan tsaga guda ɗaya ya auna cikinsa, saboda bayan yakan bushe ya bar tsakiyar da ruwa.

Saboda haka jera itace a nan sana'a ce mai ƙa'ida. Ana faskara shi tun yana ɗanye, lokacin da ya fi saurin tsagewa, domin gungumen da aka bari da ɓawonsa ba ya bushewa da wuri. Ba a ajiye shi a ƙasa, sai an shimfiɗa katako ko duwatsu tukuna don kada ya sha laima. Ana jera shi ta gefen kudu na gida, inda rana take bugawa, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango don iska ta ratsa, a giccia faskare a bakin kowane layi don kada ya rushe, sannan a rufe samansa kaɗai da kwano ko tamfol a bar gefuna a buɗe. Wanda ya naɗe tulin gaba ɗaya da leda, ko ya kai ɗanye ɗakin ƙarƙashin ƙasa, zai tarar ya yi fumfuna. Wani dattijo maƙwabcina yana da layi uku, na bana da na baɗi da na shekarar da ke biye, kuma ba ya taɓa na biyu sai na farko ya ƙare. Abu ɗaya da suka huta da shi shi ne gara. Da a gida ne, tulin shekara biyu sai an tsaya a kansa.

Inda gida ya fi nan nesa ba kusa ba shi ne aikin hannu. Babu mai faskare da zai zagayo unguwa da gatari a kafaɗa ka kira shi ka sallame shi da abin da ya sauwaƙa. Kowane mataki kuɗi ne daban: yanka, faskare, busarwa, kawowa, kuma motar ma a bakin ƙofa take juye kayan ta tafi, jerawa naka ne. Mai neman rangwame yakan je wurin malamin daji ya sayi gungume a bakin hanyar daji ya sarrafa da kansa, amma a dazukan gwamnati ba za a bar shi ya tayar da injin zarto ba sai ya nuna shaidar ya halarci horo, ya kuma sa hular kwano da wandon kariya. Ranar Lahadi da ranakun hutu an hana tayar da injin a cikin unguwa. Kwasar itace a daji ba izini sata ce, ko da faɗuwa ya yi da kansa, duk da cewa daji ya rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar. A shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin gas, kuɗin itace ya haura da fiye da kashi 80 cikin ɗari a shekara guda, satar ta yi yawa, har wasu hukumomin daji suka riƙa ɓoye na'urar bin sawu a cikin gungume.

Akwai kuma mai sharar bututun hayaƙi, wanda ba a da irinsa a gida. Zuwansa dole ne, sau ɗaya zuwa uku a shekara gwargwadon yawan amfani da murhun, kuma mai gida ne yake biya. Banda shara, akwai wanda hukuma ta ɗora wa kowace gunduma, wanda yake zuwa sau biyu cikin shekara bakwai ya duba murhun kansa, kuma yana da ikon auna danshin itacen da ka ajiye. Ƙona katako mai fenti ko tarkacen kujeru laifi ne. Tsofaffin murhunan da aka ƙera daga 1995 zuwa Maris 2010, waɗanda hayaƙinsu ya wuce ƙa'ida, an ba su zuwa ƙarshen 2024 a gyara ko a rufe. Da farko takurawa na ɗauke shi, amma idan na tuna yadda ake shiga ɗaki da kaskon wuta a hunturu a rufe ƙofa da taga, wanda yakan jawo asarar rai, sai in ga kuɗin mai sharar bai yi yawa ba.

Game da kayan da ka ce in duba maka, murhun ƙarfen ba zai yi maka amfani ba, domin nauyinsa ya fi ƙarfin aike, kuma sanyinmu na 'yan makonni bai kai a sa shi ba. Na'urar danshi ma rana ta riga ta yi aikinta. Gatarin faskarensu ne na ga ya cancanci kuɗinsa: kansa mai kauri ne, yana buɗa itacen maimakon ya maƙale a ciki, kuma maƙeri zai iya kwaikwayonsa idan ya gan shi. Kan kaɗai zan aiko da mai zuwa, a sa masa ƙota a gida.