Mota tana kik amma babu wuta a fulogi: mai wayarin ko mai kwamfuta?

Direbobi a Gusau sun sha yi mini wannan tambaya, musamman masu jigilar Ƙaura Namoda da Talata Mafara.

Mai wayarin ya fi araha, kuma har bakin titi zai same ka. Zai zare fulogi, ya jingina shi da ƙarfen inji, ya ce "Alhaji, murɗa." In bai ga shuɗin tartsatsi ba, sai ya bi fis, ya bi kwayil, ya buɗe distiributa. A tsohuwar Peugeot 504 babu wanda ya kai shi, don ba ta da inda za a jona na'ura. Inda nake jin tsoronsa shi ne sabuwar mota. In ya fara canki-canka, yau kwayil, gobe fulogi, kuɗin kayan sai ya ninka na aikin, kuma haɗa waya da ka na iya ƙona ƙwaƙwalwar motar.

Mai kwamfuta kuwa sai ka biya kafin a taɓa sifana, wani lokacin ma sai an jawo motar garejinsa. Amma motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da wurin jona na'urar. In ta nuna lambar matsala P0335, hankali ya koma kan sansar karanshaf, mai auna juyawar inji, wadda in ta mutu wuta ba ta zuwa sam. Sai dai lambar tana nuna layin da matsalar take ne kawai, ba lallai sansar ce ta mutu ba. Wataƙila ɓera ne kawai ya ci waya.

Mai tsohuwar mota ko wanda ya maƙale a hanya, mai wayarin ya ishe shi. Mai Corolla ko Accord mai mabuɗin tsaro, wanda sai motar ta gane shi take tashi, ya fara da kwamfuta.