Ɗan wanzamin Damagaram yana wankin tawul a Hamburg

Jajibirin Sallar layya ne, layi a shagunan Turkawa da Larabawa na titin Steindamm ya fito har waje, sai na ce bari in gwada wani shagon Jamusawa da ke kusa da gidana. Na yi sa'a wani ya fasa zuwa, don a irin waɗannan shagunan sai ka buga waya an sa maka rana da lokaci, kamar mai neman ganin likita.

Tarba kam an yi mini. Aka ba ni kofi, aka wanke mini kai da ruwan ɗumi, aka naɗa mini sabuwar takarda a wuya. Sai wata budurwa ta ɗauko almakashi da mataji mai ƙananan haƙora ta dumfari kaina, gashin ma bai bushe ba. Ta ja, na cije. Ta yanka dama, ta ja da baya ta duba, ta rage hagu don su daidaita, sai hagun ya fi gajarta, ta koma dama. Ina kallo a madubi kaina yana zama tudu da kwari, ita kuma tana ta murmushi tana tambayata ko ya yi.

Can na ji murya ƙasa-ƙasa a bayana, da Hausar Damagaram: "Yaya, yi haƙuri, kar ka tanka. Ka zo wurina ran Lahadi." Na ɗaga ido na ga baƙin mutum, zai haura shekara talatin, rungume da kwandon tawul. Na ce wa mai shagon tunda ga ɗan'uwana nan, ta bari shi ya ƙarasa. Ta ce a'a, ɗan koyo ne, yana shekarar farko, ba ta sake masa kan mai biyan kuɗi ba tukuna. Na biya yuro 30 har da tukuici, washegari na je Idi da hula danne har bakin gira.

Ran Lahadi na same shi a ɗan ɗakinsa. Ya juya kan nawa hagu da dama ya ce, "Wannan ba ya gyaruwa, Yaya, sai ƙwal-kwabo." Ya sa safar hannu, ya ɓare sabuwar reza a gabana, ya jiƙa kan da sabulu, kafin shayi ya huce ya gama, ko ƙwarzane babu. Kakansa wanzami ne, mahaifinsa wanzami ne. Tun yana yaro shi ke ɗaukar zabira yana bin tsohon gida-gida, yana wasa aska a jikin fata, yana riƙe jariri ranar suna. Da ya girma ya koma kilifa, ya riƙe shagon kansa shekaru a Agadas. Duk wannan a nan ba a lissafa shi, tunda babu takarda. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce aikin kuɗi ba tare da rajista ba jami'an kwastan ke farautarsa a ƙasar nan, shi kuwa izinin zamansa ya rataya ne a kan koyon sana'ar.

Ga yadda ake shiga aski a Jamus. Babu wata sana'a daban ta askin maza. Dole ka koyi gyaran gashi gaba ɗaya, na shekara 3. Kwana ɗaya ko biyu a mako kana makarantar sana'a, sauran kana shagon da ya ɗauke ka da yarjejeniya a rubuce. A makaranta ana koyar da cututtukan fata, haɗa sinadaran rini, lissafin kuɗi, har da kwalliyar fuskar mata. Kana da littafin da kake rubuta abin da ka koya, maigidanka ya sa hannu. Sai jarrabawa kashi biyu. In ka ci, ka zama ma'aikaci, amma galibi ba ka isa buɗe shago ba sai ka ƙara wani karatun ka samu shaidar Maista, wato ta ƙwararren ubangidan sana'a, ko ka ɗauki mai ita aiki. A 2004 an cire wannan sharaɗi daga sana'o'in hannu 53, aka bar shi a kan 41, gyaran gashi na ciki. Shi ya sa wasu shagunan baƙi suke da Maista a takarda wanda ba ka taɓa ganin ƙeyarsa. Ingila kuwa babu ruwanta da wannan, ka sayi kilifa ka kama haya ka fara.

Abin da ya fi ba ni haushi, duk tsawon shekarun nan da jarrabawar, ita budurwar da ta ɓata mini kai ba a taɓa nuna mata gashi irin nawa ba, ita ce ta faɗa mini da bakinta. Kawunan roba da suke gwaji a kansu masu gashi santala-santala ne. Shi kuma bawan Allahn nan, da zai iya aske jinjiri ɗan kwana bakwai ido rufe, yana zaune da daddare yana haddace sunayen launin rini da Jamusanci, yana naɗa gashin roba a kan 'yan sanduna. Alhali su ma Turawan masu askinsu wanzamai ne a da, suna ƙaho suna cire haƙori. A Landan ƙungiya ɗaya suke da likitocin fiɗa tun daga 1540, sai a 1745 aka raba su.

Amma in na tsaya nan ban yi adalci ba. Ɗan koyo a nan ana biyansa albashi, doka ta ƙayyade mafi ƙaranci, wanda a 2024 yuro 649 ne a wata ga ɗan shekarar farko. Ba ya isa komai a Hamburg, amma yana da inshorar lafiya, yana da hutu, ya kuma san ranar da zai gama. Ku dubi yaron shagon askin unguwarku. Shi ne shara, shi ne tada janareto, shi ne sayo wa oga abinci. Yaushe za a yaye shi? Sai ran da oga ya ga dama, ko ran da suka yi faɗa ya kama shagon da ke kallonsa. Kawunan almajirai ne allon koyonsa, don su ba su da mai tsaya musu.

Tsabta kuma kunya ce ta kama ni. Mu an kunna laita a goga wa bakin kilifa wuta sau ɗaya, shi ke nan an kashe cuta. Buroshi ɗaya ya share kan mai makero ya share naka, ƙyalle ɗaya tun safe har dare, sannan mu yi ta mamakin ƙurajen ƙeya da yawan ciwon hanta. Shi kansa ɗan Damagaram ɗin ya ce sai da ya zauna a aji ya fahimci abin da aska ɗaya ke iya ɗauka daga kai zuwa kai, ya ce tuni ya aika wa ƙannensa da ke riƙe da zabirar gidansu saƙo, kowane kai da rezarsa.

Duk da haka ina kewar wanzaminmu na zaure, wanda ba ya faɗin farashi, kana sunkuye tsakanin gwiwoyinsa yana ba ka labarin wanda ya haihu da wanda ya saki. A nan hirar ba ta wuce yanayin gari da inda za ka je hutu.

Masu turo mini saƙo cewa sun iya aski, in nemo musu hanya, ku fara da koyon Jamusanci, sannan ku shirya wa shekara 3 ta wankin kai da na tawul. Ƙanena da ke ta naci in aiko masa da kilifa ƙirar Jamus, za ta zo, amma sai ka turo mini hoton abin da kake wanke ta yanzu da shi.