Chrome, Firefox ko Opera Mini: Wace burauza za ka riƙe a wayarka?

Mafi yawanmu ba mu zaɓi Chrome ba, wato burauzar Google ta buɗe shafukan intanet, a cikin waya muka tarar da shi. Wata kotu a Amurka ce ta tono yadda Google ke kama wuri: a 2021 kaɗai ya biya kamfanoni irin su Apple da Samsung dala biliyan 26.3 don injin bincikensa ya zama na farko a na'urorinsu. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa wannan babakere ne da ya saɓa doka. Ma'aikatar Shari'a ta nemi a tilasta wa Google sayar da Chrome, har kamfanin Perplexity ya taya dala biliyan 34.5. A Satumban 2025 alƙalin ya bar wa Google kayansa, sai dai ya hana shi ƙulla yarjejeniyar da za ta toshe wa abokan hamayya hanya. Da sauran rina a kaba, domin akwai batun ɗaukaka ƙara.

To, idan kana son madadi, wanne?

Edge da Brave da Opera da Samsung Internet duk a kan Chromium aka gina su, wato injin da Google ke jan ragamarsa. Riga aka canza, jikin ɗaya ne. Amfaninsu shi ne shafin da ya buɗe a Chrome zai buɗe a cikinsu. A wannan dangin Brave na fi so, saboda yana tare tallace-tallace tun daga ranar da ka sauke shi, ba sai ka saita komai ba. Tallan bidiyon nan da ke kunna kansa a shafukan labarai, datarka yake sha.

Firefox ne ke da injin kansa, Gecko. A nan ne cikakken uBlock Origin mai tare talla ke aiki, har a Android, bayan sabuwar ƙa'idar Manifest V3 ta kore shi daga Chrome. Amma ga abin dariya: mafi yawan kuɗin shigar Mozilla, kamfanin da ke yin Firefox, daga Google yake fitowa, ladan sanya injin bincikensa a gaba. Abokin hamayya ne da ke cin tuwo a gidan wanda yake hamayya da shi. Lokaci-lokaci kuma za ka haɗu da shafin da ba a gwada shi a Firefox ba, maɓallin "aika" ya ƙi dannuwa.

Mai ƙaramar waya da data ta ƙirge, Opera Mini ne nasa. Yana bi da shafi ta sabar kamfanin, a matse shi, sannan ya iso maka. Wannan na da amfani, musamman tunda Chrome ya cire tsarinsa na rage data a 2022. Kada dai ka cike fom ɗin makaranta ko ka shiga banki da shi yana kan tsarin matsewa mai tsanani. Shafukan kan wargaje.

Ni dai biyu nake riƙewa: Firefox don karatu da yawo, Chrome don banki da rajista. Kafin ka yi ƙaura, shiga passwords.google.com ka fitar da kalmomin sirrinka a fayil ɗin CSV, ka loda su a sabuwar burauzar ta kwamfuta. Da ka gama, goge fayil ɗin har daga kwandon shara, don duk wanda ya buɗe shi zai karanta su a fili.