Yuan 8,400 na biya, ganyen da ya sha laima aka naɗo min

Jama'a, tun daren Juma'a ban yi barcin kirki ba. Yuan 8,400. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, ni ba baƙon shayin nan ba ne. Shekara takwas ina zirya Guangzhou ta ƙasar China sarin takalma, a can na koyi shan pu'er, shayin nan na lardin Yunnan da ake matsewa kamar faifai. Na san ɗanye, wanda ake ajiyewa shekara da shekaru ya nuna da kansa. Na san wanda ake tarawa tsibi, a yayyafa ruwa, a lulluɓe ya nuna cikin wata biyu, dabarar da sai a 1973 aka fito da ita. Kar wani ya zo yana min karatu.

Mai sayar da shayin ya zaunar da ni, ya ɗauraye ganyen, ya zubar da ruwan farko, ya miƙo min ɗan kofi da hannu biyu. Hannu biyu fa! Na kurɓa, ɗaci ya sauka, can sai zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Wallahi abin da na sha ranar na gaskiya ne. Ya ce ɗanye ne na 2003. Har yau ina ganin hannayen nan nasa. Na ce a ba ni ƙulli guda, faifai bakwai cikin ɓawon gora, kowanne giram 357, a kan 1,200. Bakwai sau 1,200, ku lissafa.

Au, kafin nan ma wata uku muna hira a WeChat, har gaisuwar Sallah ya turo min. Ko bayan nan ne? Oho. Ya dai shiga ciki ya ɗauko ƙullin a ɗaure, ni kuma kunya ta hana ni cewa a kwance. Kunya ta ci min 8,400.

Ranar Juma'a na tara abokai a Kano, ina cika baki. Da na ɓantari faifan, fuskarsa kyakkyawan ganye, cikinsa kara da gari. Ruwan ya fito baƙi kamar kofi, ga warin ɗakin da damina ta ci. Na juye ganyen a faranti: rabi kore-kore sabo, rabi baƙi, yana murmushewa a yatsa. Gauraya sabon ɗanye ya yi da mai arha, irin wanda ake tarawa tsibin nan, don launi ya nuna tsufa. Wani abokina ya ce, "Alhaji, a ɗora mana ataya kawai." Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Na tura masa hotuna, ya toshe ni. Hirarmu da rasit duk suna nan, zan ɗora su anjima in zuciyata ta sauka.

In za ka saya, a ɓantara daga faifan da za ka tafi da shi, a dafa a gabanka. In ya ƙi, tashi.

8,400. Da hannu biyu ya miƙo min.