Jitar bes ɗin da na sayo daga Legas, bayan wata bakwai a hannuna

Tun cikin damina na yi wa wasu alkawarin zan faɗi yadda na sami jitar nan, na yi ta ja da baya don kar ɗokin sabon abu ya sa na yi ƙarya. Yanzu ta ga damina ta ga hunturu, ta kuma kusa kashe min kasuwa a gaban mutane, don haka ina da bakin magana.

Mai tsirkiya huɗu ce, an ƙera ta da siffar Jazz Bass ɗin da kamfanin Fender ya fitar a 1960, siririn wuya da fikof biyu, wato 'yan na'urorin da ke ɗauko amon tsirkiya. Amma ba Fender ba ce, kar wani ya ce na yi arziki. Ba zan kira sunan kamfanin ba, haka mai shagon, waɗanda ke harkar sun san layin da ake sayar da irinsu a Legas, sun kuma san abin da dala ta mayar da kuɗinsu. Na tura kuɗi, aka sako min ita a mota, na je tasha na karɓo cikin kwalin da gefe guda ya jiƙe.

Abin da ya ja ni gare ta batir ne. Tana da 'yar na'urar ƙara ƙarfi a cikinta mai aiki da batir ɗin nan mai kusurwa huɗu, mai bolt 9. Shekara da shekaru ina kallon Marcus Miller, makaɗin bes ɗan Amurka, yana marin tsirkiya da babban yatsa yana fizgo ta ƙasa da manuniya, sauti na fita tas kamar an fasa gilashi. Tasa Jazz Bass ce ta 1977 da aka sa mata irin wannan na'urar daga baya. Na ce ni ma sai na yi. Makon farko ban bar maƙwabta sun huta ba. Tsirkiyoyin da ta zo da su masu kaushi ne, sababbi, in ka buga ta sama sai ka ji kamar fiyano ne. Nauyi dai tana da shi, awa biyu a tsaye kafaɗa za ta gaya maka, amma a lokacin ko a jikina.

Sai ranar wata Asabar cikin Disamba, dinar biki a wani ɗakin taro nan Kaduna. Mu shida ne: mai fiyano wanda shi ne maigidanmu, mai gangar bature, Baba mai kalangu, mawaƙa biyu, sai ni. Mun yi gwaji da la'asar lafiya lau. Wajen tara da rabi na dare sanƙira ya ce a miƙe ga amarya nan, ƙawaye suka jeru a ƙofa, muka ɗauki kiɗa. Ba mu yi minti ɗaya ba na ji sautina ya fara ɓarɓarwa kamar ana soya ƙosai a cikin lasifika. Na ɗauka kebul ne. Na yi wa yaron mikisa alama, ya rugo a duƙe ya canza. Ƙarar ta ƙaru. Duk bugun da na yi da ƙarfi sai ya fito a yage, in na sassauta ya ɓace. Maigida ya juyo ya watso min wani kallo, hannunsa bai bar fiyano ba. Amarya ta kai tsakiyar fili, an fara liƙi, sai jitar ta yi tsit.

Wanda bai taɓa tsayawa a dandali ba ba zai gane ba. Mutane ba su san akwai bes a kiɗa ba sai ranar da ya ɗauke. Babu wanda ya waiwayo ya kalle ni, amma ina gani da idona rawar ta yi sanyi, matan da ke juyi suka koma taku, masu liƙi suka fara mayar da hannu jaka. Gumi ya keto min duk da sanyin da ake yi. A lokacin ne ya faɗo min a rai cewa batir ne. Na tura yaron da ke ɗaukar mana kaya ya nemo, ya fita da gudu, ya dawo min da batirin tocila guda biyu, wai mai shago ya ce duk ɗaya ne. Ko da ya samo na gaskiya ma ba zai amfane ni ba, domin marfin gidan batir ɗin da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, ni kuma ba ni da sukundireba. Wane ne ya zauna ya tsara haka? Jitar da za a hau dandali da ita, ba ɗan fitilar da zai nuna batir ya yi ƙasa, ba marfin da za a ɓalle da farce.

Cikin ruɗewa ina ta murɗe-murɗe, sai na jawo mamurɗin ƙara sauti sama ba da niyya ba. Ya yi ƙas. Sauti ya dawo. Ashe in ka jawo shi jitar tana tsallake na'urar batir ɗin gaba ɗaya, fikof ya tafi kai tsaye zuwa amfilifaya. Wata biyar tana hannuna ban sani ba, domin ko takarda ɗaya babu a kwalin, mai shagon kuma bai ce min komai ba. Sautin ya fito da rauni, na ɗaga amfilifaya, na rage kaifin har ƙasa don tsoron kar ɓarɓarwar ta dawo, na matsar da hannu kusa da wuya na ci gaba da bugu a hankali da yatsu biyu, ba mari ba fizga.

To a nan ne abin mamakin yake. Ban taɓa jin ƙungiyarmu ta zauna daram irin na daren nan ba. Sautin ya yi kauri, ya yi taushi, yana bi ta ƙarƙashin kujeru. Kalangu ya fito sarai, kana jin duk kirarin da Baba ke yi wa dangin ango. Rawa ta dawo, har uwar amarya ta shigo fili. Da muka tashi muna naɗe kaya, Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, yau ka bar min hanya. Kullum kana tsaye a bakin ƙofata kana ta ƙwanƙwasa." Na ce, "Baba, wallahi batir ne ya mutu." Ya ce, "To Allah ya jiƙansa, kar ka tashe shi."

Na kwana ina juya maganar. Gaskiya ya faɗa. Marin nan da nake taƙama da shi, ƙararsa a daidai inda kalangu ke magana take faɗowa, mu biyu muna ta cin karo, mai mikisa yana rage wannan yana ƙara wancan. Marcus Miller ba shi da mai kalangu a gefensa. Na koma na saurari mutanen da na taso da jin su a kaset ɗin yayana ban san sunansu ba. Aston Barrett, wanda ake ce wa Family Man, mai bes ɗin Bob Marley, da ya rasu a Fabrairun 2024, shi ma Jazz Bass yake riƙewa, amma saurari yadda yake kashe kaifin, ya bar gurbi tsakanin bugu da bugu har ka ji kamar ya manta, sai ya faɗo daidai. Sai James Jamerson na kamfanin waƙoƙi na Motown a Detroit, da Precision ɗinsa ta 1962, ita ma bes ce ƙirar Fender, da tsirkiyoyin La Bella masu santsi da yake shekaru bai canza ba, yana bugu da yatsa ɗaya tak, ga soso a ƙarƙashin marfin gada, wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi, yana danne amon. Ba batir, ba komai. Richard Bona na Kamaru kam ban sa shi a lissafi ba, shi kallonsa kawai nake yi in ajiye jita in sha ruwa.

Na yi odar tsirkiyoyi masu santsi, na yanko guntun katifa na cusa a gindin gada. Sautin da take ba ni yanzu ko a situdiyo ba na jin kunyarsa, har wani mai haɗa kiɗa da ya saba buga bes a fiyano ya ce in zo in sa masa na hannu a waƙa biyu. Af, masu ce min in turo bidiyo su ji a waya, ku yi haƙuri. Tsirkiyar sama, mafi kauri, in an sake ta tana kaɗawa wajen sau 41 ne a daƙiƙa, lasifikar waya ba ta kai can ƙasa, abin da za ku ji ƙarar yatsa ce kawai. Da irin bidiyon nan ne ma ni aka yaudare ni.

Laifin batir ɗin kuwa, da na bincika, ina da kaso. A irin waɗannan jitocin ramin kebul shi ne makunni, muddin kebul na ciki batir na ci ko ba ka bugawa. Ni kuma sai in jingine ta a kusurwa da kebul a jiki kwana uku. Na karɓi wannan. Har na zauna zan rubuta cewa duk mai nema ya saya ido rufe.

Sai hunturu ya kankama a Janairu, ta nuna min ɗaya fuskar. Katakon wuyan ya bushe ya tsuke, bakin ƙarafan da ke jere a kansa suka fito gefe kamar haƙoran zarto. Ina zamewa daga ƙasa zuwa sama a wajen gwaji, ɗaya ya tsaga min gefen manuniya har da jini. Na san iskar arewa ba ta raga wa katako, ƙofar ɗakina ma tana sakin jiki a wannan lokacin, amma tsohuwar jitar aron da na yi shekara huɗu da ita ba ta taɓa yanka ni ba. Wannan katakon bai gama bushewa ba aka ƙera shi, ko me za a ce min. Wuyan kuma ya lanƙwaso gaba, tsirkiya ta yi sama har sai ka matse da ƙarfi, kodayake masu santsin sun fi ja, ba zan ɗora wa jitar duka ba. Gyaran ba wuya, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa kaɗan-kaɗan. Ina makullin? Mai shagon da bakinsa ya ce yana cikin kwali, har da jaka. Jakar ma da ta zo zif ɗinta bai yi wata ba. Na kira ya fi sau goma, na tura saƙo, yana karantawa yana shiru. Mutumin da kafin in tura kuɗi yake kirana da asuba yana ce min ɗan uwa.

Ƙarshe kasuwar Panteka na je na gwada makullai har na dace da wanda ya shiga, na ɗaure rubu'in juyi, na bari ta kwana, na ƙara rubu'i. Ƙarafan kuma na bi katakon da salatif, na zauna da ƙaramin magagari na goge su ɗaya bayan ɗaya, gefe biyu, yini guda cur. Kuɗin da na biya bai kamata a ce ni ne zan ƙarasa wa kamfani aikinsa ba. Ga kuma gurnanin da take yi in an koma janareta, muddin na rage fikof ɗaya. Sai na buɗe su biyun duka yake lafawa, wannan halin ƙirar ne, na sani, amma da na buɗe cikinta ko ɗan rufin kariya ba su sa ba.

Wani yaro da ke koyo a wajena ya taya ta makon jiya, marin yake so, kamar ni a Yuli. Na faɗa masa maganar kebul, na nuna masa tabon yatsana, na kuma tsuga masa kuɗin da na san ba zai iya ba. Batir ɗin da ya mutu yana nan a ciki ban cire ba, sabo ɗaya da sukundireba suna aljihun jaka. Muna da kamu ranar Juma'a a Zariya, da ita zan je.