Iyafis mai toshe hayaniya da na saya don ofis

Wallahi ofishinmu ɗaki ɗaya ne, mu tara babu ko labule, wanga na waya, wancan na gardamar ƙwallo, ga janareta bayan taga yana ta ruri, lissafin albashi sai na yi shi sau uku. Watan jiya na sayi iyafis ɗin nan a babbar kasuwar Sakkwato. Ƙugin janareta da fanka kam yana kashe su tas, muryar mutane ce dai ragewa kawai yake, tunda ita hawa take tana sauka. Cajinsa na kai ni la'asar. Matsalarsa zafin garin nan, kunne na yin gumi sosai. Yanzu ko Hajiyar ofishinmu in ta gan shi a kunnena sai ta aje fayil ta wuce.